Komar Kaka Tanimu

A Mai Wurno, bayan la'asar,
Kaka Tanimu na bisa angarebu yana ɗinkin koma.
Ni ina ƙasa, da littafin da na tsira da shi daga Madani
ranar da aka kulle mana makaranta,
na buɗe babin ƙwaƙwalwa.

Ɗazu ya sha jabana, finjali biyu.
Yanzu yana faɗa wai tun safe ba a hura masa wuta ba.
Sau uku yana tambayata 'yar gidan wa ce,
a na huɗu ya kira ni Dudu,
ƙanwarsa da suka binne gabas da Abeshe
yana ɗan shekara tara.

Amma ce masa, Kaka, hanya fa?
Sai ya gyara zama:
Dikwa, Kusuri, Ati, Adire, Jinaina,
rijiyar da ruwanta ke warin kanwa,
jakin da ya kwanta ya ƙi tashi,
matar da ta ba su fura ba ta jin yarensu.
Ba ya tsallake ko zango ɗaya.

Littafi ya ce ƙwayoyin jijiya ba sa taɓa juna.
Tsakanin wannan da waccan akwai rata,
silin gashi ma ƙato ne a wurinta.
Saƙo in ya iso gaɓa sai ya saki sinadari,
kamar ɗan fito ya tunkuɗa kwalekwale cikin Nilu,
a wancan ƙetare ƙofofi su buɗe.
In sau ɗaya ne, ruwa ya share sawu.
In aka yi ta fito, yau da gobe,
ko tsoro ya yi rakiya, ko daɗi mai yawa,
sai kalsiyam ya kwararo,
a tura manzo can cikin cibiyar ƙwaya,
a buɗe kundin gado, a ƙera sabon furotin,
a ƙara ƙofofi, a faɗaɗa mashigi,
har wata gaɓar ta tsiro inda da babu.

Ya ce kuma sabon tuni baƙo ne.
Yakan sauka a wani ɗan zango mai lanƙwasa
can ƙarƙashin dausayin kunne,
sai dare, mutum na barci,
a riƙa kwashe masa kaya zuwa cikin gari
har ya yi gida, ya yi maƙwabta.
Zangon Kaka ne ya rushe.
Baƙi na zuwa, ba masauki, su juya.
Su Dudu kuwa sun daɗe da shiga gari.

Abin da ya hana ni barci a makaranta shi ne wannan:
furotin ɗin kwanaki yake yi ya lalace, a sauya shi.
To me ya riƙe warin kanwa shekara saba'in?
Malaminmu ya ɗaga kafaɗa, ya ce ana nan ana bincike.

Na ce, Kaka, komar nan tun yaushe?
Ya ce ta babansa ce, tun karfasa na arha a Sinnar.
Na ce akwai zaren babanka a jiki?
Ya yi dariya har da tari.
Ko ɗaya, Dudu. Ruwa ya cinye.
Ido ya tsinke, ka ɗaura wani a gurbinsa,
ka bi girman na kusa da shi.

Na rufe littafi.
Ya kama yatsuna ya bi da su ta cikin zare,
sama, ƙasa, ja.
Na ɓata, ya warware. Na sake.
A na bakwai ƙullin ya zauna,
can cikin kaina, Allah ne masani, wata gaɓa na faɗi.

Ya dubi rana tana gangarawa bayan gonar auduga.
Ya ce, yarinya, gidan nan ba a ba baƙo jabana ne?
Na tashi hura gawayi.