Hantar Giwan Ruwa

Na dawo Yawuri da akwatin ƙanƙara,
da sikeli, da wuƙa mai siririn baki,
da ledoji ɗari da sittin, kowace da lambarta.
Gwaggo Tsahara ta leƙa ciki, ta taɓe baki:
“Shekara tara kina boko,
ashe dakon ƙanƙara aka koya miki.”

Da asuba Baba ya tura jirgi.
Bai tambaye ni komai ba.
Shi da Kwara ba su faye magana ba,
sun san juna tun kafin ruwan madatsa
ya cinye tsohon gungunmu
da kukarsa da kaburburansa.

Ina zaune a gindin jirgi ina rubutu:
kawara, tsawon tafin hannu.
Kurungu uku, ɗaya na ta gunaguni.
Karfasa. Tsage mai haƙoran zarto.
Can da hantsi mamari ya yi nauyi,
Baba ya ce, “Riƙe nan,”
muka jawo giwan ruwa,
irin wanda ya biya mini kuɗin jarrabawa
shekarar da gero ya ƙi.

Hanta kawai na roƙa,
da tsoka daidai babban yatsa.

Na bi gaɓa na yi arewa, kwana biyu a ƙafa.
Na ga samari tsulundum cikin laka
suna wankin ƙasar zinariya,
zaiba na gangarawa a tafin ɗayansu
kamar idon kifi.
Na ga manomin shinkafa yana ɗauraye famfon feshi,
ya gama, ya matsa taku uku, ya yi alwala.
Ya gaishe ni. Na amsa.

Injin ɗakin gwaji bai san Baba ba.
Lamba arba'in da bakwai yake ce wa kifinsa.
Wata uku ina jira,
ranar da takarda ta fito
na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune.
Abin da ƙarami ya tsinta a laka
babba ya haɗiye, ya adana,
shekara bisa shekara, kamar asusu.
An ce kifi na ganinka, mai jar koma.
Wannan kam, ko kifin bai gan shi ba.

A gindin bandar Gwaggo na faɗa musu,
hayaƙi na cin idona, ya rufa mini asiri.
Na ce ba ta wari.
Wuta ba ta korar ta, gishiri ba ya kashe ta,
barkono ma bai san tana nan ba.
Na ce mai ciki da mai goyo da ƙananan yara
su ɗaga wa giwa da tsage ƙafa,
su koma ga ƙananan kifaye.

“Kawara ga maijego?” in ji Gwaggo.
“A gidan wa? Da wane ido za mu kalli dangi?”
Kulu, matar ƙanena, wata bakwai,
ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane.
Baba ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce,
“Kogin ne ya yi ƙarya, ko injinki?”
Na ce, “Babu ko ɗaya, Baba.”

Daren nan miyar giwa aka yi.
Na ci rabona, ban bar ko romo ba.
Na san lambarsa, na kuma san hannun da ya kamo shi.

Da gari ya waye mamari na rataye a rumfa,
birgi mai ƙananan idanu ne babu.
Kafin azahar na ga ƙwarya cike da kawara
a ƙofar ɗakin Kulu, an rufe da faifai.
Ba wanda ya ce shi ya ajiye.

Saura ledoji ɗari da sha uku.
Ƙanƙarata tana narkewa.