Asabar a Gefen Fadama

Yammacin Juma'a, rana ta yi ja kamar manja,
muna tsakanin Auyo da Kafin Hausa,
Amram ya taɓa kafaɗata: "Ilu, tsaya nan."
Na ce, saura mil bakwai mu shiga gari.
Ya ce, "Rana ba ta san mil ba."

Nadab ya doki ƙofar mota da tafin hannu.
Ba na jin yarensu,
amma faɗa ba ya neman tafinta.

Yahudawa ne, ɗan wa da ɗan ƙani,
kamfani ɗaya ya turo su auna ruwan fadama.
Ni na samo musu ɗaki a Haɗejiya,
ɗaki ɗaya, tukunya biyu, wuƙa biyu,
don Amram ba ya haɗa nama da nono,
naman kasuwarmu ma bai taɓa ɗanɗanawa ba,
sai kifi mai ɓawo da dafaffen ƙwai.
Nadab kuwa, tsire a dama, kindirmo a hagu,
ya ce ciki ba alƙali ba ne.

Mai unguwa Barau ya ba mu zaure,
bai tambayi addinin kowa ba,
ya dai tambaya ko mun zo da gidan sauro.
Kafin rana ta nutse cikin shinkafa
Amram ya kunna kyandir biyu a kan murfin langa,
ya rufe burodi biyu da hankici,
ya ajiye mabuɗi, waya, biro da kuɗi
kamar mai sauke kaya a bakin rafi.

Na tafi Magariba.
Na dawo na tarar da Nadab cikin mota,
ya ƙure rediyo,
yana kunna ashana yana kashewa,
ba don taba ba,
don dai a gani daga zaure.

Amram ya fara rera addu'arsa a hankali,
kwaɗi suna amsa masa.
Can tsakiya tari ya sarƙe shi,
ya nemi baitin ya rasa.
Sai rediyo ya mutu.
Daga cikin duhun mota
wata murya mai kaushi ta ɗauki inda ya tsaya,
ta kai shi har ƙarshe, ba tuntuɓe.

Da safe na ce, ashe ka iya?
Ya ce, "Kakarmu ce. Da ludayi take koyarwa.
Ba imani ba ne, Ilu, tabo ne."
Ya saɓi ma'aunin mutum biyu,
ya shiga laka har gwiwa shi kaɗai,
yana zagin sauro, da kamfani, da kakanni.
Amram na zaune gindin tsamiya da littafinsa,
bai ɗaga kai ba,
amma shafin nan, na lura,
bai juya ba har azahar.

Ni ma ina da ƙane, Ɗanlami.
Tun da Asuba ta riƙa wuce shi a kan katifa
na raba kwanonmu.
Shekara uku ke nan.
Ban san me ya kawo shi raina ba
ina wanke gilashin da ba datti.

Da dare ya ƙarato suka tsaya kafaɗa da kafaɗa,
wai sai taurari uku sun fito Asabar ke tafiya.
Amram, da kunya ta cika, ya yi saurin nunawa:
"Ɗaya, biyu, uku. Mu tafi."
Nadab ya kanne ido, laka ta bushe a ƙaurinsa,
ya ce, "Na ukun nan fitilar eriyar waya ce.
In za ka yi, yi daidai. Jira."

Sabuwar gardama ta tashi.
Na mayar da mabuɗi aljihu,
na zauna a kan bonet,
ni ma ina duban sama.