Guduma a Tashar Mezdra

Ƙarfe uku saura na dare, jirgin Varna ya tsaya
yana huci kamar san da ya wuni yana huɗa.
Na sauka gefen dogo, fitila a hagu, guduma a dama,
ƙanƙara tana kuka ƙarƙashin takalmina.

Shekara talatin da ɗaya ina gaida ƙafafun tarago,
gaisuwar kuwa bugu ɗaya ce.
Lafiyayyar ƙafa takan amsa da tsayi, tiiin,
kamar tasar da aka ɗalla da farce.
Wadda ta tsage a ciki ba ta iya ƙarya:
sai ta ce ƙwas, ta yi gum,
amsar majinyacin da ke cewa da sauƙi.

Ni Nedelko, kunnena kamfani ya ɗauka aiki,
sauran jikin rakiya ya yi.

Waɗanda ke bisa kaina ba su san da ni ba.
Ga soja ya jingina da taga, baki buɗe.
Ga tsohuwa rungume da kwalbar jan barkono
da za ta kai wa jikanta Sofiya.
Jirgin na gwamnati ne, wato na kowa,
na kowa kuwa shi ne ba mai ɗinke masa labule.
Ana zaginsa a layin tikiti,
ana shigarsa, a yi barci a cinyarsa.

Bayan shagon gyara akwai layin da ba ya zuwa ko'ina.
Nan aka jera tsofaffin kawunan jirgi,
tsatsa ta yi musu lalle har gwiwa,
shamuwa ta bar sheƙa a kan na uku ta tafi cin rani.
Ran Talata wani ya zo daga ma'aikata da takardar gwanjo,
yana tambayar nauyi.
Jan nan mai lamba ɗari da tara
shi ya kawo mini Rumyana daga Pleven, da akwati ɗaya da keken ɗinki.
Yanzu kilo ake lissafa shi.
Ban ce komai ba. Na riƙe wa mutumin tsani.

An ce sababbi na tafe,
farare, masu ƙofar da ke buɗe kanta,
da na'urar da za ta ji zafin ƙarfe tun jirgi na gudu.
To, madalla. Ba na gaba da abin da bai iso ba.
Kafin nan an haɗa ni da Desislava,
yarinyar da ta fito makaranta bana,
ta bi ni tana rubutu, hancinta ja wur don sanyi.

Tarago na shida, ƙafa ta biyu. Na buga.
Na ji tiiin, na ɗaga ƙafa zan wuce.
Ta ce, Kawu, sake.
Na ce me?
Ta ce, sake bugawa.

Likitan Vratsa ya gaya mini tun kaka
cewa kunnen hagu ya fara sallama.
Ban gaya wa kowa ba, har Rumyana.

Na sake, wannan karon na saurara da tafin hannu.
Ƙotar ba ta yi rawar da ta saba ba.
Bugun ya shiga ƙarfen ya mutu a can.

Muka sa aka cire taragon.
Minti arba'in, fasinja na fitowa da barguna,
wani ya zagi gwamnati, wani ya zagi uwar gudumata.
Tsohuwar ta wuce mu da kwalbarta, ko kallo.

Da jar fitilar bayansa ta shige kwazazzabon Iskar
na miƙa wa yarinyar gudumar in hura hannuna.
Na hura, na sa su aljihu.
Ta tsaya tana jiran in karɓa.
Na ce, na ƙarfe huɗu da kwata ya kusa,
fara daga can baya, ni zan riƙe fitila.