Jakin Ƙashi

Hotonta na fara gani cikin dare,
ja tana sheƙi kamar ɓawon dabino.
Na tura albashin wata guda da rabi,
na roƙi Tumba kar ta faɗa wa Inno
na sayi jita ta waya.

Kwana goma sha ɗaya ina zarya tasha.
Ran Laraba direban Ikko ya sauke ta a Jega,
tsakanin buhun garin kwaki da injin markaɗe,
kwalin ya loɓa a gefe guda.
Na rungume ta a bayan kabu-kabu,
ina ce wa yaron, sannu dai, bi hanya.

Sai da na wanke hannu na buɗe.
Ƙamshin fenti. Shida reras.
Na ɗora yatsa, na ji nisa:
fensir zai ratsa bai sunkuya ba
tsakanin wuya da tsirkiya.

In danne ta ƙasa, ta yanke ni.
In kaɗa ta sama, ta yi zuu
kamar rina ta faɗa gwangwani.
Kunne na uku in na murɗa sai ya sulale,
bakin ƙarafan wuyanta kuwa
kamar ƙurungu ya miƙe ƙaya.

Na kira mai kaya. Ya ce haka suke zuwa,
yatsuna ne ba su yi kanta ba.
Na sake kira washegari, a kashe.
Tumba ta leƙo da tsintsiya a hannu:
"Wata da rabi! Ai ko kuka kake so,
da ka sayi akuya."

Akwai ɗan makulli mai gwiwa a leda.
Na zura shi a ramin cikinta, na juya,
na juya, sai na ji ƙas!
Na ajiye ta a hankali na fita waje,
na daɗe ina kallon rijiya.

Labbo kafinta yana bayan 'yan albasa.
An ce ya yi molo kafin a haife ni,
ya rataye shi ranar da ubangidansa ya rasu.
Ya ɗaga ta, ya rufe ido ɗaya,
ya auna wuyan kamar maharbi,
sannan ya yi 'yar dariya.

"Wanga icce ɗan bakin teku na.
Ya sha raɓa can, ya zaka ya ishe bazara.
Kai ma in an kai ka garinsu sai ka yi tari.
Aje ta kwana ukku kusa ga randa,
kak ka taɓa ta. Baƙo akan bari shi huta
kahin a tambai labarin tahiya."

Rana ta huɗu ya karɓi makullin,
ya juya shi kaɗan, kaɗan ƙwarai,
kamar mai buɗe ƙofa mutane na barci.
Ya zare jakin roba ya jefa a aljihu,
ya aiki yaro mahauta ya samo ƙashin sa,
aka dafa, aka shanya, ya yi ta gurzawa,
yana hurawa, yana gwadawa,
garin ƙashi fari fat a gemunsa.
Ya bi ƙarafan da zarto ɗaya-ɗaya,
ya goga bakin fensir a kowane tsagi,
har la'asar ta yi sakaliya.

Da ya ɗaure ta, bai miƙo mini ba.
Ya kaɗa uku kawai, ya bar ukun,
da farce, irin kaɗin da,
har mai gyaran keke ya tsai da famfo.
Ya yi shiru. Ya share ta da hularsa.
Kuɗi ya ce a ba yaron da ya je mahauta.
"Nata gyara ya ƙare, saura naka.
Yatsa ba a yi mai zarto, sai juriya."

A gaɓa ta tara har yau tana ɗan zuu,
ban kai can ba tukuna, ban damu ba.
Kan yatsuna huɗu sun fashe, sun warke, sun taurare.
Jiya da dare ina lalubar sauti na uku
na ga ƙafafun Tumba a ƙasan labule,
tsintsiyarta a jingine,
ba ta ce komai ba game da akuya.