Ruwan Cikin Waya

Asabar da sassafe na sauka a Lamingo,
sanyin Jos na cizon yatsu,
wayata mai tsagaggen gilashi a aljihun rigar sanyi.
Baba Davou mai gadi ya saba da ni,
ya daina tambayar takarda,
sai dai, "Yau ma ruwan ka zo ɗauka?
Ai yana nan yadda ka bar shi."

Ba ya nan, Baba.
Wancan makon duwatsun Shere sun kwanta a cikinsa kai ƙasa,
yau iska ta dama su kamar kunu.
Zanen da damina ta bari a jikin bango
ya ɗara ni da kamu biyu.
Shi ma na ɗauke shi.

Balbela ta ƙi tsayawa.
Sau goma sha ɗaya na danna,
goma farin dishi-dishi,
ɗaya babban yatsana ya cinye rabin sama.
Ban goge ko ɗaya ba.

Da la'asar a Gangare
famfonmu na tarin banza, wata uku bai tofa ba.
Na nuna wa Gwaggo Delu hotunan.
Ta sa tabarau, ta daɗe shiru,
ta ce, "Duk wannan namu ne?"
Na ce haka aka ce.
Ta shafa gilashin,
ta duba yatsanta ko ya jiƙe,
sannan ta miƙo mini jarka biyu:
"Maza, kafin layin burtsatse ya kai titi."

Na fita da dam guda a aljihu,
jarkoki na kaɗawa wayam a hannuna.