Tarin Iya Marka

Ranar Laraba aka yi taron ambaliya
a gindin tsamiyar ƙofar Bulama Ilu.
Maza goma sha huɗu a kan tabarma,
da wani yaro daga ƙaramar hukuma
rungume da taswira kamar jinjiri.
Mu muna bayan danga,
hannuwanmu na ƙarnin tarwaɗa.

Yaron ya ja layi da jan biro:
"Ta nan zai shigo, ta wajen gada."
Sai Iya Marka ta yi tari,
irin tarin da ba na mura ba.

Shekara talatin tana shiga fadamar Auyo
tun ladan bai yi gyaran murya ba,
gora a ƙirji, koma a kafaɗa.
Ta san ranar da kogi ke sauya fuska
ya koma ruwan kunun kanwa.
Ta san in tururuwa ta kwashi ƙwai
ta hau giyayya,
saura kwana uku,
huɗu in Allah ya sassauta.

Bara, da ya zo tsakar dare,
bai bi ta gada ba.
Ta bayan kachala ya lallaɓo,
inda ɓera ya rarake jinga.
Ya cinye murhun banda goma sha ɗaya,
ya tafi da busasshen kifin Saude,
kuɗin jarrabawar ɗanta.
A takardar asara an rubuta rumbu,
an rubuta awaki, har da keke.
Namu, wai kifi ne ya koma gida.

Bulama ya ce, "Wa ke tari?"
Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba:
"Wadda ta fito da jikokinka biyu
a kwale-kwalen aro, ba fitila."

Har kaji sun yi shiru.

Aka matsa. Ba da yawa ba,
daidai zaman mutum uku.
Iya Marka ta ƙi karɓar biro.
Ta tsoma yatsa a bakin buta
ta dangwala a taswira,
can gefe, inda ba a zana komai ba.
Takarda ta jiƙe, ta ɗauki ƙarni.
Yaron ya yamutsa fuska,
ya sake kallonta,
ya ce, "Iya, maimaita a hankali."

Yanzu usur ɗin gargaɗi
yana wuyan Saude, da zaren koma.
Buhunan yashi arba'in
mun jera su a bayan kachala.

Yau da asuba na leƙa giyayya.
Tururuwa na ƙasa tukuna.