Ɓarawon Cikin Gida

Sidi talatin na saka ranar Litinin,
Laraba ba ta kai la'asar ba data ta ƙare.
Na zargi kamfani, na zargi Mutala,
har ruwan da ya kwana yana dukan kwanon Aboabo.

Yaron bai ce uffan ba.
Ya ɗora kwamfutar a cinya,
ya sauko da wata manhaja, ko sisi ba a biya,
sai ga su a jere, kowa da sunansa,
kowa da yawan abin da ya zuƙa.

Ashe ɓarawon a ɗakina yake kwana.
Wani tun asuba yake sabunta kansa, ba sallama,
wani yana kwasar hotunan Zuwera
yana kai su inda ban aike shi ba.

Na ce, shaƙe wancan.
Wannan a bar masa ɗigo, irin na famfonmu ran Asabar.
Abin da ya rage na Zuwera ne.

Da dare ta kira daga Jidda.
Fuskar ba ta daskare ba, muryar ba ta tsinke ba.
Sai na ga ta rame.